Tsohuwar mota tana shan ruwa, amma ba a ganin inda yake zuba

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar mota mai silinda huɗu wadda ta haura shekara 20. Kusan wata biyu ke nan ina ƙara mata ruwa wajen lita ɗaya kowane mako, amma idan ta kwana a ajiye ba na tarar da ko ɗigo a ƙarƙashinta da safe. Wani lokaci idan na kashe ta bayan doguwar tafiya nakan ji wani wari mai zaƙi-zaƙi daga gaban motar. Allurar zafi ba ta taɓa kaiwa ja ba, sai dai takan ɗan hau idan na daɗe a cunkoso. Wani makanike ya ce gasket ɗin kan inji ne ya ƙone, a buɗe. Wani kuma ya ce in zuba garin toshe yoyo in huta. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam. Idan na fahimce ka, ruwan sanyaya inji yana raguwa a kai a kai, babu alamarsa a ƙasa, akwai wari bayan tafiya, kuma an ba ka shawara biyu, ɗaya mai nauyi ɗaya mai sauƙi. Amsata ita ce kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna, domin dukansu biyun sun rubuta magani kafin su gano ciwon. Wanda ya ce a buɗe kan inji yana iya yin daidai, amma bai nuna maka hujja ba, kuma aikin da yake nema shi ne mafi girma a cikin duk abin da ke iya jawo wannan matsala. A cikin shekarun da na yi ina wannan sana'a, yawancin motocin da suka zo mini da irin bayaninka yoyonsu na waje ne, ƙarami, kuma a ɓoye yake.

Dalilin da ya sa ba ka ganin ruwan a ƙasa

Ya kamata ka fara sanin cewa inji ba ya cin ruwa kamar yadda yake cin mai. Hanyar ruwan rufaffiya ce: famfon ruwa yana tura shi cikin bulok da kan inji, ya ɗebi zafi, ya wuce ta tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe hanya idan ruwa ya yi zafi, zuwa lagireto, iska ta sanyaya shi, ya dawo. Mota mai lafiya takan yi watanni ba a ƙara mata ko kofi ɗaya ba. Saboda haka litar da kake zubawa kowane mako tana fita ta wani wuri, kuma ƙofofin fitarta uku ne kawai. Ko dai ta waje, ta wata tsaga ko mahaɗa. Ko ta murfin lagireto zuwa tiyon amai. Ko kuma ta ciki, inda ruwan ke shiga silinda ko ya gauraya da man inji.

Abin da ke ruɗa masu motoci shi ne matsi. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, inji kuwa yana aiki ne a wajen digiri 85 zuwa 100, wato dab da tafasa. Don kada ruwan ya tafasa, an yi murfin lagireto da sifirin da ke riƙe matsi na wajen 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", kuma galibi za ka ga lambar a rubuce a bayan murfin. Matsin "bar" ɗaya yana ɗaga tafasar ruwa zalla zuwa kusan digiri 120. To, tsagar da ba ta kai kaurin gashi ba takan kasance a rufe ruf idan inji ya huce, domin babu matsi kuma ƙarfe da roba sun tsuke. Sai an yi tafiya, komai ya ɗauki zafi ya buɗe, sannan ta fara fesar da ruwa siriri. Idan feshin ya sauka a jikin bulok ko a kan bututun hayaƙi, nan take yake zama tururi, ba ya isa ƙasa. Warin nan mai zaƙi da kake ji shi ne na sinadarin da ke cikin ruwan sanyaya inji, wato etilin gilaikol, lokacin da ya taɓa ƙarfe mai zafi. Jin warin daga gaban mota, ba daga salansa ba, shi ne abu na farko da ya sa na fi zargin yoyon waje.

Duba da ido, sannan gwajin matsi

Ka fara da safe, inji a sanyaye, da tocila mai haske sosai. Ba ruwa za ka nema ba, sawunsa za ka nema. Ruwan sanyaya inji idan ya bushe yakan bar wani fari-farin gari kamar gishiri, ko busasshen tabo kore ko ja-ja, gwargwadon launin ruwan da ake zubawa. Idan kuwa ruwa zalla aka daɗe ana zubawa, za ka ga layin tsatsa. Ka bi sawun zuwa sama, domin ruwa ƙasa yake gangarowa, kuma iskar fanka takan kwashe shi ta kai shi nesa da inda ya fito. Wurin da ka ga ya fi jiƙa sau da yawa ba shi ne tushen ba.

Bayan haka sai gwajin da ya kamata a ce makanikan nan biyu sun yi kafin su buɗe baki. Akwai ƙaramin famfon hannu mai agogo da ake ɗaurawa a bakin lagireto ko a bakin tankin ruwa, a hura har matsin ya kai lambar da ke kan murfin, ba tare da an wuce ta ba, don kada a fasa abin da bai fashe ba. Sai a bar shi minti 15 zuwa 20 ana kallon allurar. Idan ta tsaya cak, babu yoyo a sanyi. Idan tana sauka, ruwa na fita, kuma tun da injin a kashe yake a sanyaye, ɗigon ba zai ƙafe ba, za ka gan shi da idonka, wani lokaci ma ka ji sautin fitarsa. Ni nakan maimaita gwajin bayan an ɗumama injin an bar shi ya ɗan huce, saboda akwai tsagar da ba ta buɗewa sai da zafi. Idan duk da haka ba a gani ba, akwai rini na musamman da ake zubawa a ruwan, a yi tafiyar kwana biyu ko uku, sannan a haska da fitilar da ke sa rinin ya yi walƙiya a duhu.

Da wannan famfon ake gwada murfin kansa, kuma ina roƙonka kada ka raina murfin. Idan robarsa ta tsage ko sifirinsa ya yi laushi, zai saki ruwa tun matsin bai kai ba, ruwan ya bi tiyon amai ya zube a kan titi kana tafiya, ba ka sani ba. Murfin kuma yana da ƙaramin bawul na biyu da ke barin ruwa ya dawo daga tanki idan inji ya huce. Idan ya maƙale, za ka tarar da tanki a cike, lagireto a ƙafe, babban tiyo kuma ya lotse kamar an tsotse shi. Murfin yana cikin abubuwa mafi arha a duk hanyar ruwan, kuma a motar da ta kai shekarun taka nakan canza shi da sabo mai lamba ɗaya da na asali ko da bai faɗi gwaji ba.

Wuraren da tsofaffin injuna suka fi yoyo

Tiyo ne kan gaba. Roba tana tsufa daga ciki, don haka tiyo yana iya zama fes a ido alhali ya ruɓe. Ka matsa kowanne da hannu, inji a sanyaye, musamman kusa da bakinsa inda kilif ya kama. Wanda ya yi tauri kamar itace, ko ya yi laushi kamar soso, ko ya kumbura, ko wanda man inji ya jiƙa, ya gama aiki. Manyan tiyo biyu na lagireto kowa yana ganinsu, amma waɗanda ke ba da wahala su ne ƙananan da ke zuwa hita, da waɗanda ke bi ta ƙarƙashin manifol ɗin shan iska.

Na taɓa karɓar wata mota da bayaninta ya yi kama da naka kusan kalma da kalma, har mai ita ya riga ya sayo gasket yana jiran a buɗe. Na ɗaura famfo na hura, allura ta riƙa sauka a hankali, amma ban ga komai ba ta sama ko ta ƙasa. Sai da na zura ƙaramin madubi a bayan inji, tsakaninsa da bangon mota, na hango wani ɗan tiyo da bai fi tsawon yatsa ba, ɗigo yana taruwa a gefen kilif ɗinsa, yana faɗawa daidai kan murfin giyabos, inda wani ɗan rami ya tara fararen ɓurɓushi kamar an barbaɗa gishiri. Kilif ɗin ya ci cikin robar ne tsawon shekaru har ya yanke ta. Cikin ƙasa da awa ɗaya aka gama aikin, mutumin ya koma da gasket ɗinsa a leda.

Na biyu shi ne lagireto. Yawancin motocin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau lagiretonsu alminiyam ne a tsakiya, da tankunan filastik a sama da ƙasa ko a gefe biyu, an naɗe bakin alminiyam ɗin a kan roba don ya riƙe su. Filastik ɗin nan yakan gasu da shekaru, baƙinsa ya koma ruwan ƙasa, ya fara tsagewa kusa da wuyan babban tiyo na sama, inda ruwa ya fi zafi. Liƙi da gam a wannan wuri ba ya daɗewa, domin zafi da matsi suna ɗaga shi, kuma filastik ɗin da ya tsage a wuri ɗaya ya gasu a ko'ina. Canza lagireton shi ne gyara. Tsohon lagireto na tagulla kuwa ana iya liƙe shi da dalma ya ƙara shekaru.

Famfon ruwa yana da wata ƙaramar huda a ƙasan wuyansa, wadda aka yi da gangan don idan sil ɗin ciki, wato abin da ke tare ruwa, ya fara lalacewa ruwa ya fito ta nan, kada ya shiga boris. Ɗan busasshen tabo a bakin hudar ba abin tashin hankali ba ne, amma layi mai kauri ko danshi yana nufin famfon ya kusa ƙarewa. Idan belin taimin ne ke juya famfon, to yana ɓoye a bayan murfi, sai dai ka ga sawun ruwa a ƙasan murfin, kuma a irin wannan injin a canza famfo da bel tare, domin aikin kwancewar ɗaya ne, ruwan da ya jiƙa bel kuma yana rage masa kwana.

Saura gidan tamostat, wanda gasket ɗinsa ko filastik ɗinsa kan saki, da ƙananan murafen ƙarfe masu kama da murfin kwalba da aka buga a jikin bulok, waɗanda tsatsa ke hudawa daga ciki idan an daɗe ana zuba ruwa zalla. Sai kuma ƙaramin lagireton hita da ke ɓoye a bayan dashbod. Ka ɗaga shimfiɗar ƙafa ta gaba ka taɓa ƙarƙashinta. Idan da danshi mai santsi, ko gilashin gaba yana yin hazo mai maiƙo daga ciki, ko warin ya fi ƙarfi a cikin mota, to shi ne.

Yaushe ne za a yarda cewa gasket ne

Ban kore maganar makaniken farko ba, ina so ne ya tabbatar da ita. Gasket ɗin kan inji yana raba abubuwa uku da ke maƙwabtaka: wutar silinda, hanyar ruwa, da hanyar mai. Alamar da za ka gani ta danganta da katangar da ta faɗi. Idan ruwa na shiga silinda, za ka ga farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa ko bayan inji ya yi zafi, injin yakan yi rawa na 'yan daƙiƙu idan an tashe shi da safe, kuma idan aka kwance fulogogi za a tarar da ɗaya ya fita daban, fari tas kamar an wanke shi, saboda tururi ya goge shi. Idan hayaƙin silinda ne ke shiga hanyar ruwa, babban tiyo zai yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu da tashin inji, tun ruwan bai ɗumama ba, kumfa kuma ta riƙa tasowa a bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa. Idan kuwa ruwa ya haɗu da mai, man zai koma kamar madara mai ruwan ƙasa a jikin sandar auna mai, kuma yawansa ya ƙaru.

A nan akwai abubuwa biyu da ke yaudarar mutane. Farin tururi da safe mai sanyi, wanda ke ɓacewa bayan 'yan mintuna, raɓar cikin salansa ce kawai. Haka nan ɗan farin kitse a ƙarƙashin murfin zuba mai yakan taru a motar da ba ta yin doguwar tafiya, ba tare da gasket ya taɓu ba. Na ga injuna masu lafiya da aka buɗe saboda waɗannan alamu biyu, abin kuma yana yi mini ciwo, domin tsohon injin da aka buɗe ba tare da ƙwarewa ba da wuya ya koma yadda yake.

Gwajin da ke yanke hukunci ba shi da wahala. Akwai wani bututu mai shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin lagireto inji yana aiki, a tsotso iskar da ke saman ruwan ta ratsa shi. Idan akwai hayaƙin ƙonewa a ciki, shuɗin zai juye ya zama rawaya a injin fetur, ko kore-kore a injin dizal. Ana kuma iya barin famfon gwaji a ɗaure da matsi na tsawon sa'o'i, fulogogi a kwance, sannan a leƙa cikin silinda a ga ko ruwa ya taru a kan fistin. Idan matsi yana sauka, babu ɗigo a waje, babu danshi a hita, kuma ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwajen ya nuna, to a buɗe da hujja. Idan an buɗe, kada a tsaya ga sa sabon gasket. A auna fuskar kan injin da miƙaƙƙen ƙarfe da filagej, wato siraran ƙarafan auna tazara, domin a yawancin kawunan alminiyam lanƙwasar da ta wuce wajen milimita 0.05 zuwa 0.1 tana buƙatar a kai a goge fuskar. A duba tsaga, a ɗaure kusoshin bisa jeri da ƙarfin da littafin injin ya faɗa da sifana mai auna ɗauri, kuma idan kusoshin irin masu miƙewa ne da ake ɗaurewa da digirin juyi, a sa sababbi. Sannan a nemo abin da ya ƙona gasket ɗin tun farko, domin galibi zafi ne ya ƙona shi, zafin kuma daga wani ƙaramin yoyo ko matacciyar fanka ya samo asali.

Akwai kuma akasin haka, wanda na gani fiye da sau ɗaya: mota tana fasa tiyo yau, jibi ta tsaga sabon lagireto, ana ta canzawa, ashe gasket ne ke tura matsin silinda cikin hanyar ruwa. Duk motar da ke fasa sababbin kaya a jere, a yi mata gwajin shuɗin ruwan nan. Idan kuma motarka mai giyar otomatik ce, ka zaro sandar man giya ka duba, domin bututun sanyaya man yana ratsa cikin lagireto, kuma idan ya huje man yakan koma ruwan hoda mai kauri. Wannan ba ya jira, yana kashe giyabos.

Game da garin toshe yoyo

Garin nan yana aiki a kan ƙaramar huda a jikin ƙarfen lagireto, kuma zan iya amfani da shi idan ina tsakiyar hanya, nesa da gareji, don in isa gida. Amma ba ya gyara tiyo, ba ya gyara sil ɗin famfo da ke juyawa, ba ya riƙe tsagar filastik da ke buɗewa tana rufewa. Kuma shi bai san huda daga hanya ba. Siraran bututun lagireto da na hita a tsohuwar mota sun riga sun ƙuntata da tsatsa, garin yakan ƙarasa toshe su, sai yoyo ya tsaya, zafi ya ƙaru. Motarka da allurarta ta fara hawa a cunkoso ba ta da rarar sanyin da za ta yi asara.

Hawan allurar nan ma yana buƙatar a duba shi daban. Yana iya zama sakamakon ƙarancin ruwa da rashin matsi, amma zafin da ke zuwa a tsaye ya tafi idan an kama hanya yakan nuna fanka. Ka bar injin yana aiki a tsaye ka ga ko fankar tana tashi da kanta kafin allura ta wuce tsakiya sosai. Kuma idan wani ya ce a cire tamostat a jefar, kada ka yarda. Tamostat yana buɗewa ne a wajen digiri 82 zuwa 92, gwargwadon injin, kuma idan babu shi injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya ƙara cin jikinsa. A wasu injunan ma shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi ta lagireto ba, don haka cire shi yana iya ƙara zafi.

Bayan an yi gyara, a wanke hanyar ruwan har sai abin da ke fitowa ya yi garau, a zuba ruwan sanyaya inji irin wanda littafin motar ya ambata, rabi da rabi da tataccen ruwa idan ba haɗaɗɗe aka sayo ba. Ko a inda ba a sanyin ƙanƙara ana buƙatarsa, saboda magungunan hana tsatsa da ke cikinsa, waɗanda su ne ke kare alminiyam da famfo da murafen bulok. Tsohon nau'in ana canza shi duk shekara 2, sabon nau'i mai daɗewa kuma yakan kai shekara 5, kuma launi kaɗai ba ya nuna nau'i, sai an karanta jikin galan. A fitar da iska sosai, hita a buɗe zuwa zafi, a kwance kusar fitar da iska idan injin yana da ita, domin iskar da ta maƙale a kan inji tana sa sabon gyara ya yi zafi kamar ba a yi komai ba. Tsohon ruwan kuma a tare shi a mazubi mai murfi, kada a bar shi a ƙasa, domin guba ne mai lalata ƙoda, kuma zaƙinsa yana jan yara da dabbobi.

Kafin ka kai ta gareji

Ka riƙa duba ruwa kowace safiya kafin ka tashi inji, a cikin lagireton kansa idan yana da murfi, ba a tanki kaɗai ba. Idan allura ta doshi ja, ka kashe na'urar sanyaya ɗaki, ka kunna hita zuwa ƙarshe don ta ɗebi zafi, ka nemi wurin tsayawa ka kashe injin. Kada ka taɓa murfin sai bayan aƙalla minti 30, lokacin da za ka iya matsa babban tiyo da hannu ka ji ya saki, sannan ka ɗora tsumma mai kauri ka murɗa a hankali. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi ya wuce digiri 100, kuma da zarar an buɗe yakan tafasa gaba ɗaya ya yi tsiri zuwa fuska da hannu. Kada kuma ka kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, yana iya tsaga kai ko bulok. Abu ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba: idan allura ta hau sannan ta faɗo da kanta farat ɗaya, hita kuma ta fara busa sanyi, ba sauƙi aka samu ba, ruwan ne ya ƙare har na'urar auna zafin ta fita daga cikinsa. A wannan lokacin tsayawa nan take ne kawai ke ceton injin.

Ban ga motarka ba, kuma daga nesa ba a yanke wa inji hukunci, amma da ni ne zan karɓe ta gobe, zan fara da murfi, sai gwajin matsi a sanyi da ɗumi tare da madubi a bayan inji, sai gwajin shuɗin ruwa, kuma ba zan taɓa kusar kan inji ba sai waɗannan ukun sun nuna can. Bayan gyara, ka ja layi da alƙalami a jikin tankin daidai inda ruwa ya tsaya da safe. A kwana biyun farko yana iya ɗan sauka yayin da ragowar iska ke fita, sai ka cika zuwa layin. Idan daga nan ya yi mako biyu bai motsa ba, an samu wurin. Idan ya ci gaba da sauka, akwai yoyo na biyu da sabon matsin ya tono, sai a sake ɗaura famfon.